Sinadarin Fulorayid a Ruwan Sha: Amfaninsa, Illarsa da Darasi ga Birnin Kano

Gabatarwa

Daga cikin ƙofofin ganuwar Kano da ke yankin Gwale akwai wata wadda sunanta ya bambanta da na sauran, wato Ƙofar Famfo. Ba ta cikin ƙofofin asali irin su Kabuga da Dukawuya da Gadon Ƙaya. An huda ta ne a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, lokacin da aka janyo ruwa daga kogin Calawa a farkon shekarun 1930, aka haura da shi tankunan da ke kan Goron Dutse domin ya gangaro cikin birni. Ana tace ruwan famfo da alam domin laka ta kwanta, ana kuma zuba masa kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta.

A wasu ƙasashe akwai sinadari na uku da ake ƙarawa, ba domin tsabtace ruwan ba, sai domin kare haƙoran masu shan sa. Sunansa fulorayid. Nijeriya ba ta da wani shiri na ƙasa baki ɗaya na ƙara shi a ruwan famfo, shi ya sa ɗalibi mai nazari zai iya tambaya: shin ya kamata a soma a birni kamar Kano? Wannan darasi zai nuna cewa amfanin fulorayid da illarsa duka sun rataya ne a kan adadinsa. Saboda haka, kafin a yi maganar ƙari, wajibi ne a fara auna abin da ke cikin ruwan da jama'a suke sha.

Yadda Haƙori Yake Ruɓewa

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuma yana da haƙora 32. Kowane haƙori yana da sassa uku. Akwai farin ɓawo mai ƙyalli daga waje, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, sannan can ciki akwai ɓargo inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Kusan kashi 96 cikin 100 na ɓawon ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, wanda masana suke kira haidiroksi-afatayit.

Da yawa daga cikin mutane sun ɗauka wata tsutsa ce take cin haƙori har ta yi masa kogo. Bincike ya tabbatar babu tsutsa a ciki. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙwayoyin bakteriya da suke zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, fitacciya daga cikinsu ita ce Streptococcus mutans. Duk lokacin da mutum ya sha alewa, ko shayi mai sukari, ko lemon kwalba, waɗannan ƙwayoyi sukan ci sukarin su fitar da asid. Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, inda lamba 7 take tsaka-tsaki, kuma gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon ƙarfin tsami. Idan tsamin da ke kan haƙori ya sauko ƙasa da 5.5, sai ɓawon ya fara narkewa.

Allah ya hore wa baki abin gyara, shi ne yawu. Yawu yana wanke asid, yana kuma ɗauke da kalsiyam da fosfet da yake mayar wa haƙori bayan an gama cin abinci. Ashe ke nan kullum ana cikin ja-in-ja tsakanin narkewa da gyara. Idan mutum yana yawan tsotsar kayan zaƙi daga safe har dare, narkewa takan rinjayi gyara, sai kogo ya buɗe. Da zarar ramin ya isa ɓargo, sai azabar ciwon haƙori ta tashi.

Aikin Fulorayid a Baki

Fulorin iska ce mai guba wadda wani masanin Faransa, Henri Moissan, ya fara ware ta a 1886. Ba a samun ta ita kaɗai a doron ƙasa, sai dai a haɗe da wasu sinadarai a matsayin gishirin da ake kira fulorayid. Yana nan cikin duwatsu da ƙasa da ruwa, ganyen shayi ma yana tara shi. Ba shi da launi ko ƙamshi ko ɗanɗano a cikin ruwan sha.

Fulorayid yana taimakon haƙori ta hanyoyi uku:

1. Yana hanzarta komawar kalsiyam da fosfet cikin ɓawon da ya fara narkewa.
2. Yana shiga cikin sabon ma'adinin da aka gina, ya mayar da shi fulor-afatayit, wanda ba ya narkewa sai tsami ya sauko kusan 4.5.
3. Yana rage wa bakteriya ƙarfin sarrafa sukari zuwa asid.

A da masana sun ɗauka sai yaro ya haɗiye fulorayid ya shiga jini kafin ya amfani haƙoran da suke tsirowa. Binciken baya-bayan nan ya nuna mafi yawan amfaninsa yana samuwa ne idan ya taɓa haƙori kai tsaye a cikin baki, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za a dawo kansa a gaba.

Yadda Aka Gano Shi

Abin mamaki, ta hanyar illarsa aka fara gano amfanin fulorayid. A 1901 wani matashin likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a garin Colorado Springs na Amurka, sai ya tarar da yawancin 'yan asalin garin suna da tabo ruwan ƙasa a haƙoransu wanda ba ya fita da gogewa. Ya lura kuma cewa waɗannan haƙora masu tabo ba su cika ruɓewa ba. Ya shafe shekaru yana zargin ruwan sha, amma ba a samu hujja ba sai a 1931, lokacin da wani masanin sinadarai, H. V. Churchill, ya auna ruwan garin Bauxite na jihar Arkansas, inda ake fama da irin wannan tabo, ya same shi cike da fulorayid.

Daga nan sai Dakta Trendley Dean na hukumar lafiya ta Amurka ya kwatanta haƙoran yara a birane 21. Ya gano cewa inda ruwa yake da kimanin miligiram 1 na fulorayid a kowace lita, ruɓewa tana raguwa ainun, tabon kuma bai taka kara ya karya ba. A kan wannan hujja ne birnin Grand Rapids na jihar Michigan ya fara ƙara fulorayid a ruwan famfo ranar 25 ga Janairu, 1945, kuma shi ne birni na farko a duniya da ya yi haka. Bayan shekaru sama da goma, an samu ruɓewar haƙori ta ragu da fiye da rabi a tsakanin yaran da aka haifa bayan fara shirin. Wasu wurare suka bi sahu, kamar birnin Birmingham na Ingila da ƙasar Ayalan a 1964. Wasu kuma suka zaɓi su sa shi cikin gishirin girki, kamar Suwizalan daga 1955 da Jamaika daga 1987.

Ma'anar Awon

Miligiram 1 a lita ɗaya daidai yake da kashi ɗaya cikin miliyan. Domin a fahimci ƙanƙantarsa, a ɗauki tankin ruwa mai cin lita 1,000, wato jarka 40 masu cin lita 25 irin waɗanda 'yan garuwa suke turawa a kura. Giram ɗaya tak na fulorayid ne zai kasance cikin dukkan wannan ruwa. Ga yadda tasirinsa yake sauyawa da ƙaruwar adadi:

1. Ƙasa da miligiram 0.3 a lita: ruwan ba ya ba haƙori wata kariya ta a zo a gani.
2. Daga 0.5 zuwa 1: ana samun kariya, tare da ɗan farin ɗigo a haƙoran wasu yara.
3. Sama da 1.5: tabo yana yawaita yana kuma muni. Wannan ita ce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, ita ce kuma ke cikin ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Nijeriya ta 2007.
4. Daga 3 zuwa 6 da abin da ya yi sama, idan aka daɗe ana sha: fulorayid yana taruwa a ƙashi, gaɓoɓi su sandare, ƙafafun yara su lanƙwashe.

Tabon fulorayid yana samuwa ne kawai lokacin da haƙori yake ginuwa cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa kimanin shekara 8. Ya bambanta da jan da goro ko fure suke bari, domin wancan a saman haƙori yake kuma yana kankaruwa, shi kuwa wannan a cikin ɓawon yake har ƙarshen rayuwa.

Abin da Ya Faru a Tsibirin Gobir

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da rashin awo yake haifarwa. A garin Tibiri, wato Tsibirin Gobir, wanda ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, an fara ba jama'a ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi a 1985. Ruwan garai-garai yake, mutane suka yi murna. Sannu a hankali haƙoran yara suka fara rinewa, wasu ƙafafunsu suka karkace, wasu girmansu ya tsaya. An ɗauki kimanin shekara 15 ana shan ruwan kafin maganar ta fito fili. Awon da aka yi ya nuna fulorayid ɗin ya haura miligiram 4 a lita, wani lokaci har fiye da 6, wato ninki uku zuwa huɗu na iyakar da aka yarda da ita. Rahotanni sun ƙiyasta yaran da abin ya shafa da kimanin 5,000, ɗaruruwa daga cikinsu kuma sun samu nakasar ƙashi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun fitar da rahoto a kan lamarin a 2002.

Abin lura shi ne babu wanda ya zuba fulorayid a ruwan Tibiri. Daga ƙarƙashin ƙasa ya fito da abinsa. Hausawa sukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a nan ido bai san komai ba, na'urar awo ce kaɗai take iya faɗa. A Nijeriya ma an daɗe da sanin irin wannan tabon haƙori a Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe, inda ruwan ƙasa yake ratsa duwatsu masu fulorayid. A gabashin Afirka kuwa, a sassan Habasha da Kenya da Tanzaniya, matsalar ta shafi miliyoyin mutane.

Ruwan Nijeriya da Zafin Rana

Wani bincike da Farfesa Enosakhare Akpata da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya auna ruwan sha a ƙananan hukumomi 109 na Nijeriya. A kashi 62 cikin 100 daga cikinsu, fulorayid bai wuce miligiram 0.3 a lita ba, amma an samu wasu rijiyoyi da suka zarce iyaka nesa ba kusa ba. Ma'ana, ƙasa ɗaya tana da wuraren da ya yi ƙaranci da wuraren da ya yi yawa, kuma ba a iya gane wanne ne wanne sai an auna.

Akwai kuma batun yanayi. Awon miligiram 1 da Dean ya samo na ƙasa mai sanyi ne. Abin da ke shiga jiki shi ne adadin da ke cikin lita sau yawan litar da aka sha. Yaron da ya sha lita 1 ta ruwa mai miligiram 1 ya haɗiyi miligiram 1. Takwaransa na Mandawari ko Dandago, wanda zafin watan Afrilu mai kai wa digiri 40 ya sa ya sha lita 2, ya haɗiyi miligiram 2 daga irin wannan ruwa. Saboda haka ne yankuna masu zafi suke rage nasu awon, kamar Hong Kong da ta mayar da shi 0.5 a 1988. Masu binciken Nijeriya kuwa sun ba da shawarar 0.3 zuwa 0.6. Ita kanta Amurka ta tsayar da 0.7 a 2015, ganin cewa yanzu mutane suna samun fulorayid daga man goge baki.

Muhawarar da Ake Yi Yanzu

Cibiyar Cochrane, wadda take tattara sakamakon binciken lafiya tana tantance shi, ta sake duba batun a 2024. Ta gano cewa a binciken da aka yi bayan 1975, wato bayan man goge baki mai fulorayid ya yaɗu, ribar da ake samu daga ƙara shi a ruwa ta ragu ƙwarai idan aka kwatanta da ta zamanin Grand Rapids. A wannan shekara kuma wata hukumar gwamnatin Amurka mai nazarin guba ta bayyana cewa akwai alaƙa tsakanin shan ruwan da ya haura miligiram 1.5 da raguwar makin gwajin basira a yara, amma ta ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke hukunci a kan 0.7 ba. A 2025 jihohin Utah da Florida suka haramta ƙara fulorayid a ruwan famfo, yayin da ƙungiyoyin likitocin haƙori suka ci gaba da goyon bayan shirin, musamman saboda 'ya'yan talakawa waɗanda ba sa samun ganin likita. Ɗalibin kimiyya zai lura cewa duk ɓangarorin biyu a kan adadi suke jayayya.

Shin Ya Dace da Gwale?

Kafin ƙara fulorayid a ruwan gari ya yi amfani, sai an cika sharuɗɗa huɗu. Na farko, a tabbatar ruwan yana da ƙarancinsa. Na biyu, yawancin jama'a su kasance daga famfo ɗaya suke sha kullum. Na uku, a samu na'urar zubawa mai aiki ba yankewa, da ma'aikatan da za su riƙa auna ruwan kowace rana. Na huɗu, ruɓewar haƙori ta yi yawan da za ta cancanci kuɗin da za a kashe.

Sharaɗi na uku ba abin wasa ba ne. A 1992, a ƙauyen Hooper Bay na jihar Alaska, na'urar zubawa ta samu matsala ta antaya fulorayid fiye da ƙima, mutum kusan 300 suka kamu da amai da gudawa, ɗaya ya rasu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sharaɗi na biyu kuwa shi ne babban cikas a birnin Kano. Duk da matatun Calawa da Tamburawa da Watari, ruwan famfo ba ya isar jama'a, gidaje da yawa a Gwale da Galadanci da Gyaranya da Ɗorayi sun dogara ne a kan rijiya da burtsatse da 'yan garuwa da ruwan leda. Idan aka zuba fulorayid a matata, ba zai kai ga yawancin yaran da aka yi dominsa ba. Ban da haka, kowace burtsatse tana da nata adadin gwargwadon dutsen da ta ratsa, har rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya suna iya bambanta. Saboda haka abin da ya fi gaggawa shi ne a san abin da ke cikin waɗannan rijiyoyi. Duk mai gina burtsatse domin jama'a, ko a makaranta ko a masallaci, ya kamata ya kai ruwan ɗakin gwaji kafin a fara sha, ya kuma tabbatar an sa fulorayid cikin abubuwan da za a duba.

A sani kuma cewa tafasa ruwa ba ya fitar da fulorayid, ƙara masa ƙarfi ma yake yi idan ruwan ya ƙone. Inda ya yi yawa, mafita ita ce a sauya rijiya, ko a gauraya ruwan da wani mai ƙarancinsa, ko a tace shi da gawayin ƙashi, ko da alam da farar ƙasa bisa awo, hanyar da aka ƙirƙiro a Indiya ake kira Nalgonda.

Abin da Kowa Zai Iya Yi

An riga an bayyana cewa mafi yawan aikin fulorayid a saman haƙori yake. Wannan yana nufin ba sai an jira famfo ba. Man goge baki mai kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan na fulorayid yana ba da kariya tabbatacciya, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. A duba jikin kwali kafin a saya. A goge baki sau biyu a rana, musamman kafin barci. A tofar da kumfar, amma kada a kuskure baki da ruwa nan take, domin fulorayid ya samu zama. Yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kuma kamar ƙwayar wake, babba na tsaye kansa kada ya haɗiye. Aswaki yana kankare dauɗa sosai idan an iya riƙe shi, don haka a haɗa biyun. Sama da duka, a rage yawan lokutan shan zaƙi a yini.

Gwaji a Aji

Malami zai iya dafa ƙwai ɗaya, ya ja layi da alƙalami ya raba ɓawon gida biyu. A shafa man goge baki mai fulorayid a rabi ɗaya, a naɗe a leda kwana huɗu, sannan a wanke a hankali a tsoma ƙwan cikin kofin gilashi mai ruwan kal. Ɗalibai su lura da ɓangaren da ƙananan kumfa suka fara bayyana, su kuma latsa ɓangarorin biyu bayan wasu sa'o'i. A tunatar da su cewa ma'adinin ɓawon ƙwai ba irin na haƙori ba ne sak, misali ne kawai na yadda asid yake cin kalsiyam.

Kammalawa

Fulorayid kamar gishiri yake a miya, ƙarancinsa lami ne, yawansa kuma ɓarna. A Grand Rapids an auna kafin a ƙara, yara suka amfana. A Tibiri an sha ba tare da kulawa da awo ba, yara suka nakasa. Ga birnin Kano, aikin da ke gaba shi ne wadatar da jama'a da ruwan famfo, da auna ruwan rijiyoyin da ake sha yanzu, da koya wa yara goge baki. Idan waɗannan suka tabbata, sannan za a iya zama a duba batun ƙari da hujja a hannu.

Tambayoyin Nazari

1. Bayyana rawar da sukari da bakteriya da yawu suke takawa wajen ruɓewar haƙori.
2. Jarka mai lita 25 tana ɗauke da ruwa mai fulorayid miligiram 0.6 a lita. Miligiram nawa ne a cikin jarkar baki ɗaya?
3. Me ya sa awon da ya dace da Ingila ba zai dace da Kano ba?
4. Lissafa wuraren da gidanku yake samun ruwan sha. Wanne ne daga ciki aka taɓa kai wa gwaji?